Ranar da Gimbiya Ta Ƙi Gurnani

Duk wanda ya taɓa yada zango a sansanin motocin gida na Yungaburra bai saurari laccar Mervyn Tickner ba, ya yi asarar zuwa. Mutumin nan an yi masa baiwa. Shekara talatin da ɗaya yana sayar da kafet a garin Geelong, amma ranar da ya yi ritaya ya sayi motar gida mai shan dizal, a ranar ilimin inji ya sauko masa gaba ɗaya, tun bai san inda ake riƙe sipana ba. Tsofaffin da suke gudun sanyin kudu tare da shi kowace shekara suka raɗa masa Farfesan Salansa. Su da zolaya suka yi. Shi kuwa ya kai hula aka ɗinka masa sunan a goshi.

Da ƙarfe huɗu na yamma, idan kowa ya fito da kujerarsa mai naɗewa da abin shansa an yi da'ira, Farfesa yakan miƙe ya gyara gajeren wando.

"Jama'a, birkin ƙafa na 'yan koyo ne. Mota tan takwas, ka yi ta taka mata birki a gangara, tun ba ka yi rabi ba zai yi zafi ya sake ka. Amma birkin salansa! Ka ɗauke ƙafa daga totur ɗungurungum, ɗan murfin nan ya toshe bututun hayaƙi, inji ya riƙe mota da kansa yana gurnani. Ni daga gurnanin kaɗai nake gane tarbiyyar direba."

Matarsa Noelene ta ji wannan karatu har ta san gurin da zai tsaya ya yi tari. Saƙarta take yi, ba ta ko ɗaga kai.

Shekara tara ke nan motarsu, wadda ya sa wa suna Gimbiya, ita ke jan ayarin motoci bakwai a gangaren dutsen Gillies, mai lanƙwasa sama da ɗari biyu. Wannan jagoranci shi ne ransa. Don ya tsare shi ya rubuta dokoki, ya sa aka liƙe su a leda, ya raba wa kowa. Ta farko: duk motar da ba ta yi gurnani a gwajin ranar Juma'a ba, ƙarshen layi. Ta biyu kuwa ya yi ta ne don ya ci fuskar masu kai motarsu gareji: wanda ya gano ciwon mota da hannunsa, shi kaɗai ya cancanci riƙe sitiyarinta a gangara.

Bana sai ga sabon abin alfahari. A kasuwar gari ya sayo buzun tunkiya fari sol, mai gashi kamar katifa, ya shimfiɗa a ƙarƙashin ƙafafun direba, domin shi ba ya tuƙi da takalmi. Ɗaya bayan ɗaya ya kira maƙwabta suka shafa.

"Ku tambayi mai sana'a," in ji shi. "Irin wannan gashin ba a samunsa sau biyu."

Ranar Talata ya fita ɗan gwaji a tudun bayan sansani, Noelene na gefensa. Ya danna maɓallin birkin salansa, ya ɗauke ƙafa. Gimbiya ta sulale shiru kamar keke. Ya sake hawa, ya sake saukowa, ko tari ba ta yi ba. Hankalinsa ya tashi, don ya san mai bin sa a layi ita ce Glenys, bazawarar da ta yi shekara ashirin tana tuƙa motar rake, wadda ba ta taɓa tafa wa laccarsa ba.

Noelene ta ce, "Merv, ko za ka leƙa..."

"Noels, don Allah. Ana maganar inji."

Sai aka shiga bincike na masana. Laraba ya cire fiyus duka ya jera su a kan teburin cin abinci, ya mayar da su, fitilar banɗaki ta daina kamawa. Ya shige ƙarƙashin mota ya fesa wa tiyon iska ruwan sabulu yana neman kumfar yoyo, sabulun ya ƙare a idonsa. Alhamis ya lafta wa hannun murfin salansa giris, irin wanda ba ya jure zafi, ya tayar da inji, sansani ya turnuƙe da ƙauri har mai gurin ya zo da tukunyar kashe gobara. Da yamma Farfesa ya bayyana wa da'ira cewa duk cikin tsari ne, yana kawar da zarge-zarge ne ɗaya-ɗaya.

Glenys ta ce, "Ranka ya daɗe, saura nawa?"

"Hajiyar rake," ya ce, "wannan ba tarakta ba ce."

Safiyar Juma'a Noelene na shara a gaban mota, tsintsiyarta ta maƙale. Ta durƙusa. Gefen buzun ya hau gindin totur ya ɗan danne shi, kaurin ɗan yatsa bai kai ba. Shekara tara tana jin "ɗungurungum", ai ko kurma ya haddace. Ta leƙo ta taga ta kira shi, ya ɗaga mata hannu baƙi ƙirin alamar kada a katse masa tunani. Ta yi niyyar ta bar shi ya sha kunyarsa. Amma da ta ga ƙeyarsa da rana ta ƙona, da hular nan duk giris, tausayinsa ya kama ta. Shekara arba'in da huɗu da aure ba wasa ba. Ta bar buzun a inda yake, amma ta ƙudurta ba za ta bari Gimbiya ta koma ƙarshen layi ba.

Da lokacin gwaji ya yi, aka jera kujeru a gindin tudu. Motoci shida suka sauko suna gurnani. Gimbiya ta zo ta wuce su a natse, sai ƙarar birkin ƙafa. Farfesa ya sauko ya cire hula ya fuskanci jama'a.

"Abin da kuka gani darasi ne a kan ƙarfen zamani. A da, lokacin da ake ƙera abu da tsoron Allah..."

Bai kai aya ba ya ji an tayar da mota a bayansa. Wani farin abu ya fito ta taga ya faɗi a ƙafarsa. Noelene ce ta hau tudun da Gimbiya a hankali, ta juyo, ta ɗauke ƙafa. Gimbiya ta saki wani gurnani da ya tayar da tsuntsaye daga bishiyoyi.

Aka ɗauki tafi da shewa. Farfesa, da yake gwani ne, nan take ya farfaɗo.

"Kun ji ko? Giris ɗina ne ya ratsa! Dama sai ya kwana."

Glenys ta ɗaga buzun da yatsa biyu ta karkaɗe shi. Sannan ta zaro takardar dokoki daga jaka, ta sa tabarau, ta karanta ta biyu da ƙarfi, kalma-kalma, har da sa hannunsa a ƙasa.

Ranar Asabar Gimbiya ce ta ja ayari, kamar kullum. Noelene ke riƙe da sitiyari. Farfesa na kujerar gefe, buzu a cinya, fulas ɗin shayi a kan buzu. Suna tsakiyar gangara rediyon ayari ya yi ƙara, muryar Glenys ta fito.

"Farfesa, muna jin gurnani daga nan baya. Yaya tarbiyyar direban?"

Ya ɗauki abin magana, ya gyara murya, ya ja dogon numfashi irin na farkon lacca.

Noelene, idonta a kan hanya, ta ce, "Merv, don Allah. Ana maganar inji."