Kukar da Inna Ta Kaɗa wa Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da tuwon wata Juma'a ba, ko da kuwa zan so in manta. Lokacin na gama jami'a, na dawo Kura kaina ya yi girma. Binciken da na yi a kan gansakuka ne: a rene ta cikin ƙazamin ruwan da masu turara shinkafa ke zubarwa, ta cinye dattin, a shanya ta, a tatsi man da zai tayar da injin ban ruwa. Abin da na rasa kawai wurin gwaji, kuma kududdufin bayan injin casar Alhaji Sule nake hari.

Wata biyu ina ɗibar ruwan kududdufin nan ina kiwo a robobi, har na samu gari cikin gwangwani ɗaya, kore shar. Na ajiye shi a madafi don can ne babu danshi. Ranar Juma'ar, ina fita masallaci Inna ta tambaye ni mene ne a ciki, na ce gansakuka ce. (Inna kunnenta ya yi nauyi, ni kuma ina sauri.)

Bayan an sauko na jawo Alhaji gida. Aka kawo tuwo da miya a zaure. Miyar ba ta da yauƙi, ga wani ƙarni, amma ni ina can ina zuba bayani, har da cewa ruwan da yake ƙyama wata rana sai ya ci moriyarsa. Alhaji mutum ne mai kara, ya yi loma biyar ya sha ruwa.

Na tashi da taƙama in ɗauko samfurin. Gwangwani wayam. Inna ta ɗaga murya daga tsakar gida, yadda na zaure zai ji:

"Kukar da ka ce? Ai ita na kaɗa wa baƙonka. Amma ɗan nan, an cuce ka, wannan kukar ba ta da kyau."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na dawo zaure gumi na keto mini, na tarar da Alhaji yana kallon kwanon.

"Malam," in ji shi, "ka ce inji ne zai sha. Ashe ni ne injin."

Ya ba ni kududdufin, da sharaɗin kada in sake gayyatarsa cin abinci. Tun daga ranar, duk abin da na ajiye a madafi sai na faɗa wa Inna sunansa sau uku, da ƙarfi.