Ranar da Na Miƙa wa Alhaji Faranti

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kunyata kaina a gaban ajinmu na yaƙi da jahilci ba.

Ajin yana unguwar Gidan Igwai, cikin wata rumfa da kwanonta ya huhhuje. Damina ta matso, malaminmu Malam Nasiru ya ce in ba a gyara rufin ba, sai dai a ajiye karatu sai kaka. Ni kuwa da furfurata na fara haɗa baƙi, na san in na zauna gida har kaka, komai zai zube.

Sai aka ce wani Alhaji daga unguwar Arkilla, mai asusun taimako a wata gidauniya, zai zo ya duba mu. Aka ɗora mini tarbarsa, wai ni ne mai natsuwa. To ni taimakon da na sani shi ne na taron neman gudummawa: a wasa mutum, ya miƙe ya faɗi abin da ya bayar, a tafa. Don haka na ɗauko sanƙira (ban shawarci kowa ba), na kuma ari farantin maiɗakina, wanda ko baƙi ba ta fito wa da shi.

Alhaji na saukowa daga mota sanƙira ya buɗe murya, ya ambaci sunansa, ya jero kakanninsa har da waɗanda ba nasa ba. Masu shayi da 'yan Keke suka taru. Na matsa na durƙusa, na miƙa faranti.

Ya dube ni, ya dubi farantin. "Malam, mi za a yi da wanga?"

"Ranka ya daɗe, na zubawa ne."

Ya sassauta murya. "Ai kuɗɗin sun daɗe da barin hannuna. Tun da na sa su asusu sunka zama na gidauniya, ko ni ba ni iya taɓa su. Nawa shawara ce, in ce a duba wuri kaza. Su za su bincika, in sun gamsu su yi aikin. Kuma roƙonsu na yi a ɓoye sunana."

Sunan da unguwa ta gama haddacewa ke nan.

Daga bayana Ɗan'ige mahauci, abokin zamana a aji, ya ce, "Baba, tun da ka durƙusa ka gaishe shi mana, kada durƙuson ya tafi banza."

Na kwana biyu ina ganin na jawo mana asarar rufi. Sai ga mutanen gidauniya sun zo, suka tambayi rajistar ajin, suka auna rumfa. Ruwan farko a ƙarƙashin sabon kwano ya same mu, muna karatu.

Na dai koyi cewa mai bayarwa a ɓoye, addu'a a zuci yake so. Har yau in muka haɗu a masallacin Juma'a, daga nesa Alhaji yake ɗago mini hannu, ya ƙara sauri.