Koken Ajimi Mai Tattasai Ga Mazauna Hanjinsa

Zuwa ga masu girma, masu yawa ba adadi, Ƙwayoyin Halitta mazauna hanjina, Allah ya yalwata muku masauki.

Bayan gaisuwa irin ta maigida ga baƙin da suka shekara hamsin da takwas a ɗakinsa bai sani ba, ni ne Ajimi Bukar, manomin tattasai a bakin kogin Komadugu, mai raba layin ban ruwa a ƙungiyarmu.

Labarinku a bakin Balkisa na ji shi, ɗiyar ƙanwata mai aikin jinya a nan Diffa. Na je mata da kumburin ciki, ta tambayi abin da nake sha, na ce kafson mai tebur, biyu kullum, shekara uku. Ta riƙe baki ta ce, "Kawu, ai ka gama da ƙwayoyin kirki na cikinka!" Wai akwai jijiya daga hanji har ƙwaƙwalwa, ta nan kuke aika saƙo sama, har wanda ya shafi fushi da fara'a. Ta hana ni kafso, ta ɗora ni kan kindirmo da wake da zogale. Yau wata huɗu, kun farfaɗo, ni kuma na shiga uku.

Na ɗaya: ina kuka kai mini fuskata? Shekara goma sha biyu da ita nake tsare layin ruwa. In na murtuke, ko injin ban ruwa sai ya rage ƙara. Ranar Talata na kama Nazir, ɗan ƙungiyarmu, yana karkata ruwa zuwa fangalinsa ba ranarsa ba. Na buɗe baki zan yi tsawa, sai dariya ta kubce mini, har na taya shi riƙe shebur. Haka ake mulki, ranku ya daɗe?

Na biyu: wa ya ba ku izinin magana da ƙwaƙwalwata ba ta hannuna ba? Ko a ma'aikatar gwamnati sai takarda ta kwana wata shida kan tebur. Ku kuwa, in sha kindirmo da hantsi, kafin azahar ina waƙa a kan keke.

Na uku: maiɗakina Hajja Mairo ta fara zargi. Ta ce namijin da ya yabi miya sau uku a mako ɗaya akwai abin da yake ɓoyewa.

Na huɗu, wanda ya fi nauyi. Ni da ƙanena Sharif shekara tara ba ma ga maciji a kan kunya ɗaya ta gonar gado. Na yi alkawari ba ni zan fara magana ba. Juma'ar da ta wuce na hange shi a kasuwar tattasai yana atishawa cikin buhuna, gemunsa ya yi furfura ban san yaushe ba. Cikina ya motsa, ku ne na sani, sai na ji bakina ya kira shi da sunan yarinta. Ya juyo. Muka rungume juna, hawaye shaɓe-shaɓe, muna gaya wa jama'a yajin tattasai ne.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ku maido mini fuskata ranar Talata kawai, daga safe zuwa azahar. Amma ran Asabar kada wanda ya motsa daga wurinsa. Sharif zai zo cin tuwo da 'ya'yansa biyar, uku ban ma san sunansu ba.

Naku mai biyayya, mai ciyar da ku safe da yamma,

Ajimi Bukar
Bakin Komadugu, Diffa