Mashayar Masu Dawowa

A wani daji mai tafki ɗaya tak, an yi wata majalisa da ba ta rasa komai ba. Akwai shugaba, Ɓauna Jatau, akwai sakatare, Kura Barmo, akwai kwamitin ruwa, har da kwamitin da ke sa wa kwamitin ruwan ido.

Damuwar wata gada mai suna Tasalla kuwa ba ta da yawa. Manya ke fara shan ruwa, kafin su tashi sun tattake gaɓar ta zama caɓi, ƙaramar dabba in ta taka sai ta nutse har wuya. Tasalla ta haihu tsakiyar rani, ƙishi ya ƙafar mata da nono, jaririyar ko miƙewa ba ta iya yi. Sau uku tana kai kuka, sau uku Barmo na cewa, "Maganarki tana kan tebur, baiwar Allah."

A gindin wata tsamiya akwai wani tsohon ɗawisu da fatake suka zo da shi daga ƙasar Hindu, ya kuɓuce musu ya zauna. Jelarsa duk ta zube, ba ya cin abu mai rai. Shi Tasalla ta lallaɓa ya raka ta majalisa, ko za a ji nauyin baƙo.

Da aka ba shi dama ya ce, "Ranku ya daɗe, ni ban san dokarku ba, abin da tsofaffinmu suka riƙe zan faɗa. A wurinmu kowace halitta da aikin da aka ɗora mata, na mai mulki shi ne ya tsare raunana, ba don a gode masa ba. Kun yi ofisoshi da yawa, amma ban ga wanda ya fara mulkin cikinsa ba kafin ya mulki daji. Mun kuma yi imani rai ba ya ƙarewa, jiki yake sauyawa kamar riga, abin da ka aikata shi ke zaɓa maka riga ta gaba. Wanda ya dama ruwa yau yana ɓauna, gobe yana iya dawowa gada ya tarar da caɓin da ya bari."

Jatau ya dubi ƙafafun Tasalla, sirara kamar tsinke, ya dubi nasa. Ya ce, "Malam, har shugaba?"

"Shi ne ma kan gaba."

Abin da bai yiwu ba cikin shekara bakwai, ya yiwu cikin kwana biyu. Aka jera duwatsu, aka yi mashaya mai tsabta daidai tsayin ƙananan dabbobi. Tasalla ta turo 'yarta da hanci, sai ta tarar an kewaye wurin da ƙaya, Barmo na zaune a ƙofa.

"Ina zuwa, baiwar Allah? Wannan ta 'yan majalisa ce da za su dawo a ƙaramin jiki. Tanadi ne."

Ɗawisu ya ce, "Ba haka na ce ba. Cewa na yi ku ga kanku a jikin waɗannan."

"To ai kanmu muka gani, Malam. Mun gode."

Tasalla ta dubi ruwan, ta dubi 'yarta. Sai ta durƙusa ta sassauta murya. "Ranka ya daɗe, da ma kunya ce ta hana ni faɗa. Ran da tsohon ma'aji, marigayi Dorina Ɗanbaba, ya cika, a ranar na haifi wannan. Ko barci take yi, bakinta na motsi kamar nasa."

Barmo ya leƙa fuskar jaririyar, ya zabura ya miƙe. "Wallahi shi ne! Dubi yadda yake kallon ruwan, kamar nasa ne shi kaɗai. Ranka ya daɗe, sannu da hanya!"

Tasalla ta ce, "Sai dai har yanzu nono yake sha."

"To me kike jira? Shiga ki sha, kada ki bar mai girma da yunwa."

Ta sha har cikinta ya ɗaure. Da suka fito, ɗawisu ya ce mata a hankali, "'Yata, ƙarya ma aiki ce, tana bin mai ita."

Ta ce, "Na ji, Baba. In ta biyo ni, ta same ni a ƙoshe."

Dabarar Tasalla ta bazu cikin ƙananan dabbobi. Kafin ruwan farko ya sauka, duk wani ɗan majalisa da ya taɓa mutuwa a dajin nan ya dawo, wasu har sau huɗu. Waɗanda suka zo duniya karon farko kuwa, har yau ba a yi musu mashaya ba.