Ranar Su a Tafkin da Muka Toshe wa Baki

Yau aka buɗe su, wato kamun kifin gayya, a tafkinmu, kuma alhamdu lillahi na fito da raina, da wandona, da kwaɗo guda. Kwaɗon ma da rigima a kansa, domin maƙwabcina Baba Shu'ibu ya rantse homarsa ta kamun kifi ce ta koro shi cikin tawa. Na ce ya ɗauka. Da furfurata ba zan je gaban alƙali a kan kwaɗo ba.

Jama'a, ku da kuke cin kifi a cikin birnin Haɗeja kuna tsotse ƙaya, bari ku ji yadda yake zuwa. Idan kogi ya kawo da damina, ruwa ya bi 'yar ƙorama ya shiga tafkin, kifi ya biyo shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Sai ruwa ya fara janyewa a toshe bakin da zana da laka, a hana kowa jefa ƙugiya har rani, sannan a yi su rana guda. Abin da ka kama matarka ta banda, fataken Barno su karɓa su ba ka gero. Da wannan geron gidana ke ƙetare bazara, ba mu da wani.

To bara sai Allah ya yi mana baiwa da sabon mai lura da ruwa, Ranka Ya Daɗe Mai Rawani Kamar Rumbu, wanda tun da aka haife shi ruwa bai taɓa wuce masa idon sawu ba. Ya duba ya gano cewa kifinmu marar tarbiyya ne, yana bin ƙorama ya gudu ƙasar wasu. Saboda haka a toshe bakin tun kafin kogi ya kawo.

Muna ɗaukar laka Baba Shu'ibu ya matso kusa da ni. "To Kolo, idan mun toshe, ta ina zai shigo?"

"Yi shiru, Baba," na ce. "Manya ba sa magana a banza."

"Ko ta sama zai faɗo?"

"In sun ce ya faɗo ai zai faɗo."

Madatsa ta yi kyau, ba yabon kai ba. Ruwan sama ya cika tafki, aka sa masu gadi, suka yi watanni suna tsaron ruwa tsagwaronsa da kulake. Yau kuwa gari ya fito kaf, makaɗa na kiɗa, kowa ya hau gorarsa ta iyo da zuba kifi yana kirari. Muka tsefe tafkin nan gaba da baya. Babu tarwaɗa, babu ƙarfasa, ko minjiryar da za ta girgiza mutum ya san ya shiga ruwa babu.

Mai Rawani yana zaune a kan darduma gindin tsamiya. Ya sa aka yi shela cewa kifi na nan jingim, hayaniyarmu ce ta sa ya nutse ƙasa. Muka ce gaskiya ne, Allah ya ja zamani. Wannan irin ilimi ba a samunsa a cikin laka.

Na iso gida na tarar da Gumsu matata ta jera itace, ta hura wutar banda. Ta leƙa gorar, ta juya ta, ruwa ya zubo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ga yara sun zuba mini ido.

"Malam," ta ce, "geron rumbu ba zai kai mu shuka ba. Kai homar kasuwa a ba ka tsaba."

Homar da na saƙa da hannuna! Amma ciki ba a ba shi haƙuri. Na saɓa ta na nufi kasuwa, tun daga nesa ƙamshin banda ya tare ni. Tsibi-tsibi, tarwaɗa kamar cinyar mutum, fatake na rububi. Mai sayarwa kuwa Zarami ne, baran Mai Rawani.

"Zarami, ina kuka samo wannan?"

"Bayan madatsarku mana," ya ce yana dariya. "Da kogi ya kawo, kifi ya zo shiga ya tarar an rufe, ya taru a bakin kamar masu jiran sadaka. Da kwando muka riƙa kwasa. Kawo homar, bana za mu ƙara hannu."

Ya auna mini gero a ƙwarya, ya ɗora wutsiyar tarwaɗa a kai, wai gyara.

Don haka ina neman afuwar Ranka Ya Daɗe bisa wautar da na riƙa jingina masa a zuci tun bara. Mutumin nan ya san ruwa. Wai kuma an ce bana za a ƙara wa madatsa tsayi, kuma an yaba aikina ƙwarai, ni za a sa a gaban masu ɗaukar laka.