Tsohuwar Manhaja da Fuskar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da walimar surukina a Kalgo ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen garin ba su da niyyar bari. Abu ɗaya na sa a gaba a lokacin: shago mai ƙofa biyu a bakin titi, daidai inda masu shinkafa ke sauke buhuna. Shagon na Baba Alhaji ne, mahaifin matata Hadiza, kuma yana kulle tun da mai sayar da magani ya tashi daga ciki. Ni kuwa ina da wurin ɗaukar hoto da sayar da kwamfutoci na hannu a Gwandu, na kuma daɗe ina son reshe a Kalgo, don duk aikin fostar garin Birnin Kebbi ake kai shi. Na aika kawuna ya yi wa Baba maganar haya (suruki ba ya buɗe baki ya roƙi shago da kansa). Amsar da ta dawo gajeriya ce: "In na dawo Hajji, shi yi mini fostar walima. Mu ga aikinsa tukuna."

Aiki kam na iya shi, kuma ba a aji na koya ba. Da tallar caja da batir a tasha na fara, na koma gyaran waya, har Allah ya sa na sayi kwamfutata ta farko a hannun wani mutum a Sakkwato. A cikinta na tarar da manhajar gyaran hoto, ya haɗa mini da faifanta. Da ita na yi kalandar biki, hoton saukar karatu, katin shaidar 'yan kasuwa, har da fostar wani kansila da ya faɗi zaɓe (ba laifin fostar ba ne). Yatsuna sun san ta yadda direba ya san ramukan hanyar garinsu. Ina hira da mutum, ina cin gyaɗa, ina gyara masa hoto.

Ana saura 'yan kwanaki alhazai su sauka aka kawo wuta da ƙarfi. Na ji ƙaurin roba, na waiga, sai ga tsohuwar kwamfutata tana hayaƙi. Ban tsaya makoki ba. Na zaro wadda ta fi kowace kyau cikin kayan sayarwa, siririya, mai sabon tsari, allonta tas kamar madubi. Sai dai ba ta da ko ramin sa faifai. Na kwashe abin da ke faifan a filash ta wata kwamfutar, na kawo na sa mata. Ta duba manhajar, ta ce ba ta san ta ba. Na sake. Ta sake ƙi.

Na kira wani abokin sana'a a Birnin Kebbi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan manhajar ta girmi ɗansa na fari, in haƙura in koma sabuwa, wadda ake biyan haya duk wata, da dala kuma. Na ce masa ni ban taɓa ganin maƙeri yana hayar guduma ba, abin da na saya nawa ne. Ya ce to in je in yi ta lallashi.

Na kuwa lallashe ta, kuma har yau ina alfahari da wannan. Na yi ta tone-tone a cikin saitin kwamfutar har na gano wani lungu inda ake yi wa tsohuwar manhaja ƙarya, a ce mata har yanzu tana tsohon gidanta, komai bai canza ba. Na zaɓa mata tsarin zamaninta, na ba ta izinin mai gida, na danna. Ta yi shiru kamar tana tunani, sannan ta buɗe. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ɗauki hoton allon na tura wa abokin nan nawa, ban rubuta ko kalma ɗaya ba.

Ta buɗe, amma da halaye biyu. Na farko, duk kayan aikinta sun ƙanƙance, sun koma kamar tururuwa a gefen allo, don sabon allon ya fi ƙarfin idonta. Na biyu, da zarar na jawo hoto kusa don in duba shi da kyau, sai ta ɗauke gaba ɗaya, aikin ya tafi. Na ce ba komai. Wanda ya san hanya ba ya buƙatar fitila. Sai kawai na daina jawo hoto kusa.

Hoton Baba ina da shi, ni na ɗauka kafin ya tafi: farar riga, farar hula, ya ɗan ɗaga haɓa. Baba Bakabe ne na asali, da zanen gidansu a kumatu biyu, layi-layi tun daga gefen baki har kusa da kunne, kuma yana ji da shi. Na cire bayan hoton, na sa kore mai laushi, na rubuta barka da sauka da manyan baƙaƙe. Daga ƙarshe na danna maɓallin gyaran fata, kamar yadda nake yi wa kowane hoto. A tsohuwar kwamfutata na daɗe da saita shi ƙasa-ƙasa, ya ɗauke maiƙo da ƙuraje kawai. Na kalli allo. Fostar gaba ɗaya ba ta wuce tafin hannuna ba, fuskar Baba kamar ƙwayar gyaɗa, tana ta haske. Na ce madalla, na tura wa masu babban injin bugawa a Birnin Kebbi.

Hadiza ta ce in nuna mata. Na ce ta gani a gidansu tare da kowa, aikin gwani ba a ɗanɗana shi a tukunya.

Ranar walima na sa shaddata mai ruwan toka, na rataya jakar sabuwar kwamfuta (ba don ina da aiki da ita ba, don dai a gani), na biya ta Birnin Kebbi na karɓi fostar a naɗe. Mai injin ya ce, "Oga, ba ka buɗewa ka duba?" Na ce masa ni na yi ta, me zan duba?

Na isa Kalgo an cika rumfa. Dattawa a kan tabarmi, ana raba dabino da ruwan zamzam a 'yan ƙananan kofuna, ƙanshin shinkafa yana tasowa daga cikin gida. Baba yana zaune a tsakiya, kusa da shi Malam Garba, taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya barin Baba ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali. Na durƙusa na yi gaisuwa. Da na ga dama, da na ba da fostar an rataye ta a gefe ba hayaniya. Ina! Sai na sa mutum biyu suka riƙe gefe da gefe, na ce a ɗan matsa, na warware ta a gaban jama'a da hannuna.

Ni ina bayanta, don haka fuskokin mutane na fara gani. Na ga wani ya tsaya da dabino a bakinsa. Na ɗauka kyau ne ya kama su. Har na fara murmushi.

Malam Garba ya gyara tabarau, ya leƙa, ya ce, "Wanga yaro ɗan wa ne?"

Na zagayo na duba. Jama'a, fuskar Baba ce, tsawonta ya kai ƙirjina, sumul kamar ƙwan da aka ɓare. Babu zane ko ɗaya. Babu tamoji. Kumatu luf-luf, kamar na amaryar da aka kwana ana yi wa dilka, ga farin gemu a ƙasa yana reto shi kaɗai. Maɓallin nan, da ya shiga sabon gida, ya manta saitina ya koma yadda masu shi suka ƙera shi, can ƙarshen ƙarfinsa. Ni kuma ban jawo hoton kusa ba balle in gani.

"Alhaji," in ji Malam Garba da ƙarfi, don na bayan rumfa su ji, "mun san Hajji na wanke zunubi. Ba mu san har zane yakan wanke ba! Ko can Mina ka baro shi cikin tanti?"

Rumfa ta fashe. Wani tsoho ya kwanta a kan tabarma yana riƙe da ciki. Mata suka fara leƙowa ta zaure, kuma na tabbata muryar Hadiza na ji tana cewa "Na shiga uku." Abin da ya fi kashe ni shi ne Baba. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya ɗaga hannu a hankali ya shafa kumatunsa, dama da hagu, kamar mai tabbatar da cewa kayansa suna nan. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, ina ka kai mini gadon gidanmu?"

A daidai nan zufa ta gangaro mini har cikin takalmi. Ƙarya tana bakin harshena a shirye: masu inji ne suka ɓata. Ba wanda zai je Birnin Kebbi bincike. Amma na daɗe a kasuwa, na san ƙaryar da aka yi a gaban dattawa kullum sai an sake biyan kuɗinta. Na durƙusa na ce, "Baba, ni na yi. Na gyara ban duba ba. Zanenka yana cikin jakar nan, in an ba ni wuri yanzu zan maido shi."

"A jaka!" Malam Garba ya tafa hannu. "Ku ji fa, zanen Alhaji na cikin jaka!"

Wata ɗabi'a tawa ce ta cece ni: ban taɓa yin aiki a kan asalin hoto ba, kullum kwafi nake taɓawa. Na zauna a gindin darbejiya na buɗe kwamfutar, dattawa suka kewaye ni. Na buɗe asalin, na jawo shi kusa, manhajar ta ɗauke. Malam Garba ya ce ita ma kunya ta ji. Na sake buɗewa, na shiga saitinta ina bin tururuwan nan ɗaya bayan ɗaya da ido, har na ga inda take neman taimakon sabon injin hoton kwamfutar, wanda ba su jin yaren juna. Na kashe wannan. Na jawo hoton kusa. Ta tsaya cak.

Sai ga kuncin Baba ya cika allo, kowane layi a fili, har inda askar wanzami ta ɗan karkace. Baba ya matso, ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa kusa da allon ya ce, "Nan ne anka ce na motsa." Daga nan dattawa suka shiga gardamar wane wanzami ne, ɗan wane gida, suka manta da ni. Ni kuwa na mayar da maɓallin ƙasa, na haɗa fostar, na duba ta lungu-lungu, na hau babur. Kalgo da Birnin Kebbi ba nisa. Kafin la'asar sabuwar fosta tana rataye a ƙofar gida, da zanenta cif.

Ina naɗe ta farkon don in ɓoye ta inda ba mai sake ganinta, sai aka aiko daga cikin gida wai Inna, surukata, tana so. Hadiza ta gaya mini daga baya cewa ta rataye ta a ɗaki, ta ce yau ta ga abin da wanzami ya hana ta gani. Da zan tafi kuma Malam Garba ya ja ni bayan mota, ya rage murya ya ce, "Ɗana, irin ta farkon nan za ka yi mini. Amma kada Alhaji shi ji."

Bayan an watse da 'yan kwanaki Baba ya kira kawuna ya miƙa masa makulli. Ya ce mutumin da ya tafi ya dawo kafin la'asar zai iya riƙe shago. Sai dai ya ƙara da cewa da ya yi niyyar yi mini ragin surukuta a kuɗin haya, amma tunda na rage masa fuska, shi ba zai rage komai ba. Ɗan kasuwa ne shi ma. Da ni ne ma haka zan yi.

To ga lissafina. Na yi asarar fosta ɗaya, man babur, da ragin haya. Na kuma samu suna, don a Kalgo ba wanda ke kirana da sunan yanka, Mai Guga suke cewa, har yara, wai na goge wa Baba fuska. A ɗaya gefen, shagon yana hannuna, ƙofa biyu a buɗe. Dattawan garin wurina suke zuwa hoto, kowa da sharaɗinsa na a fito masa da zane sosai, wasu kuma su dawo su kaɗai su nemi irin ta Malam Garba. Tsohuwar manhajata tana nan tana aiki a kan sabuwar kwamfuta, ban biya kowa haya ba, kuma abokin nan nawa na Birnin Kebbi ya zo da kansa na nuna masa lungun. Abin da na koya kaɗan ne: in ka yi wa tsohon ma'aikaci sabon gida, kada ka ɗauka ya taho da duk abin da ka koya masa. Yanzu ko hoton akuya aka kawo mini, sai na jawo shi kusa na dubi fuskar kafin ya bar hannuna. Riba ta fi, amma na biya kuɗinta da zufa.