Tarkon Rana a Tagar Kaka

"Lafiya lau na kwana, sai dai na tashi da rashin sa'a, tunda muryarka na fara ji," in ji Kaka.

"Alhamdu lillahi, bakin dai yana nan da ransa," in ji Dogo. "Amarya, yi tari in gane inda kike a duhun nan, kada in zauna a kanki."

Dogo mai gyaran wutar lantarki ne, kuma shi ne jikan Kaka na fari. Tun yana rarrafe take ce masa maigida, da ya yi baki ya rama da amarya, ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi wa wani tsiya ba. Amma tun da aka yi mata aikin yanar ido gidan ya yi sanyi. Likita ya cire bandeji ya ce ido ya warke, ita kuwa ta ƙi rabuwa da baƙin tabarau, ta sa aka saki labule, ta daina leƙa ko bakin ƙofa. Mahaifiyar Dogo ce ta tsegunta masa dalili: tsohuwar tsoro take ji ta cire ta tarar babu abin da ya sauya, ita da ta ƙare ƙuruciyarta a kan keken ɗinki tana haɗa launi da launi. Shi ya sa da safen nan ya zo da 'yan biyunsa masu shekara huɗu, macen da Kaka ta laƙaba wa Surutu da namijin da take kira Shiru.

"Me ke ƙara a ledar nan?" Kaka ta tambaya daga kan gado. "In ce dai cefane ne, yau maigida ya tuna yana da iyali?"

"Wa zai yi wa matar kogo cefane? Kayan aiki ne. Tarkon rana za mu haɗa."

"Tarkon me?"

"Na rana. Malamarsu ce ta ce kowa ya kai nasa. A rataya a taga, rana ta shiga fara ta fito da launi."

"Kai da ɓera ya gagare ka a shago har ya cinye maka wayoyi, yau rana za ka kama? Dogo da hankali dace ne, mu dai ba mu dace ba."

"An ce gajere ba yaro ba ne, amma ke kin haɗa biyun."

Ya zazzage ledar a kan tabarma: murafen roba masu garai-garai da ake ganin hannu ta cikinsu, kwalbar gam, zare, da tulin ledojin alawa masu sheƙi.

"Na ji ƙamshin alawa. Ina ta ciki?"

"Na sadaukar da haƙorana saboda ilimin yara."

"Ni kuma ka kawo mini ɓawo."

"Da me za ki tauna?"

"Alawa tsotsa ake yi, jahili. Allah wadaran naka ya lalace."

Dogo ya ɗage gefen labulen kamar faɗin tafin hannu, ya ce yara ba sa ganin aikinsu. Kaka ta yi tsaki ta juya fuska bango, amma ba ta ce a mayar ba. Surutu ta tuttula gam a murfinta, ta shafa wa ɗan'uwanta ragowar a kunne. Shiru ya zaro harshe yana yayyaga leda ƙanana-ƙanana, yana liƙawa ɗaya bayan ɗaya. Uban ya ɗaga murya da gangan.

"Yauwa, 'yar Baba. Ɗora koren nan a kan ja, sai ki danne da ruwan ƙasa."

"Kore a kan ja?" Kaka ta juyo. "Laka za ka haɗa musu. Rana ba ta ratsa laka."

"Haka ake yayi yanzu."

"Shi ya sa ranar da ka zo neman aurena ka sa riga ruwan goro da wando kore, awaki suka bi ka suna zaton lambu ne."

"Amma ai kin amsa."

"A rashin tayi akan bar arha. Cire koren nan na ce."

"Ke da ba ki gani, ina ruwanki da launinmu?"

Maganar na fita ya so ya kamo ta. Kaka ta gyara zaman tabarau, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya jefa mata magana ba ta dawo masa da ita ba. Yana neman yadda zai ba ta haƙuri sai Shiru ya miƙe da murfinsa a hannu, ya je ya jingina da gwiwarta.

"Kaka, wannan wane launi ne? Baba ya ce shuɗi. Ni na ce ba shi ba ne."

Ta shafa ledar da yatsa. "Ta cikin gilashin nan komai toka ne, ɗan nan."

"To ki cire mana."

Dogo ya sunkuyar da kai yana ta ƙulla zaren da ya riga ya ƙulla. Ta wutsiyar ido ya ga tabarau ya sauka kan cinyarta. Ta runtse ido, ta buɗe, ta sake runtsewa. Ruwa ya gangaro mata daga ido. Ta ɗaga murfin wajen ɗan hasken da ke shigowa, ta daɗe tana kallo.

"Shunayya ce," ta ce a hankali. Sai muryar ta dawo daidai. "Shunayya ce, ubanka maƙaryaci ne. Miƙo mini gam ɗin nan kafin ya lalata muku suna a makaranta."

Daga nan aiki ya bar hannun Dogo. Kaka ta sauko tabarma, ta nuna wa Surutu yadda ake shafa gam kaɗan, ta ce ja ya zauna kusa da ruwan hoda, shuɗi kuma a bar masa fili ya sha iska. Da suka bushe, Dogo ya huda bakin kowane murfi ya zura zare, ya rataye su a ƙarfen taga. Kaka ce da kanta ta ja labulen gefe.

Launi ya zubo a bango, ya hau gado, ya sauka a zanen Kaka. Murafen na juyawa, ɗigon ja da shunayya na yawo a ƙasa, yaran suna bin su suna dannewa da tafi. Kaka ta kamo haɓar Surutu ta leƙa bakinta.

"Ashe wushirya gare ki irin tawa ta da, ba wanda ya gaya mini." Sai ta ɗago. "Maigida, matso cikin haske."

Ya matso, ya gyara wuyan riga.

"Ashe haka kake? An cuce ni, an ba ni kai a duhu. Likitan nan ya kashe maka aure."

"Ni da nake ganinki tar duk shekarun nan na haƙura fa?"

"Kai ai riba ka ci. Kuma dubi, babu rawaya ko ɗaya a tarkon nan. Wa ya taɓa kama rana ba rawaya?"

"Bari in je kanti in sayo."

"In aike ka ka dawo da ruwan toka? Duba ƙarƙashin gado ka jawo mini takalmina. Da idona zan zaɓa."

Dogo ya durƙusa ya cusa kai ƙarƙashin gadon. Takalman suna nan kusa, amma ya daɗe bai fito ba.

"Ka mutu ne a ciki, in fara takaba?"

"Ƙura ce ta shiga mini ido, amarya."

Ya fito yana dariya yana goge fuska da hannun riga, ya karkaɗe takalman ya ajiye a gabanta.

"Na sallama, yau kin ci. Shiga gaba, mu bi ki."